Goldorak Mai Hannun Dama Biyu

A aljihun teburin shagona da ke kasuwar Kilomita Biyar, inda nake zuba canji da rasit, akwai wani ɗan guntun alminiyam da bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba. Duk yaron shagon da na ɗauka sai ya taɓa yunƙurin zubar da shi, ni kuma in ce ya mayar. In ka ɗaga shi wajen haske za ka ga dunƙulen hannu ne. Hannun wani mutum-mutumin wasa ne mai suna Goldorak. Sauran jikinsa yana can birnin Lyon na Faransa, a gidan wani mutum da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Yadda aka yi hannu ya rabu da jiki shi ne abin da nake son ba ku labari.

A Kokoro aka haife ni, cikin gunduma ta uku ta Bangui. Kakanmu fatauci ya kawo shi daga Kano, ya bi ta Garoua da Ngaoundéré, ya zo ya kafa iyali. A gida Hausa muke yi, a titi Sango, a makaranta Faransanci. Muna yara akwai wani gidan kallo a bayan layinmu: rumfar kwano, bencina, talabijin ɗaya da na'urar bidiyo. Manya su kalli Indiya da daddare, mu kuma ranar Asabar da hantsi mu biya dala biyar a sa mana kaset ɗin katun. Kaset ɗin da ya fi kowanne shan wahala shi ne na Goldorak. Har hoton ya fara rawa saboda yawan juyawa, amma ba wanda ya taɓa ƙorafi.

Mu a lokacin mun ɗauka Faransawa ne suka ƙirƙiro shi, tunda da harshensu yake magana. Sai da na girma na san ɗan Japan ne. Wani mai zane, Go Nagai, shi ya ƙage shi, kamfanin Toei ya mayar da shi fim a 1975 da sunan Grendizer, kashi 74. Tashar Antenne 2 ta fara nuna shi a Faransa ranar 3 ga Yulin 1978, yaran ƙasar suka haukace a kansa, har mujallar Paris Match ta sa shi a bangonta a farkon 1979. Larabawa ma suna da nasu da aka fassara a Labanon. Mu dai guntattakin wannan guguwa ne suka iso mana bayan shekara goma, cikin tsofaffin kaset da dilolin gwanjo.

Yayana yana aikin kwance dila wa wani mai gwanjo. Wata rana a 1991 ya dawo gida da magariba, ya kira ni bayan ɗaki.

"Kai, rufe idonka ka miƙo hannu."

Abin da ya fara ba ni mamaki nauyinsa ne. Kayan wasanmu duk na roba ne ko na gwangwanin madara da muke ƙerawa da kanmu, wannan kuwa ƙarfe ne mai sanyi. A aljihun wata rigar sanyi ta yara ya tsince shi. Bai kai kwalbar lemo tsawo ba, ga ƙahonninsa masu ruwan ɗorawa, ga jan ƙirjinsa. In ka danna wani ɗan maɓalli, dunƙulen hannunsa na dama sai ya harba kamar harsashi. Na hagu kuwa babu. Wani yaro a Faransa ya harba shi ƙarƙashin kujera tun kafin in yi wayo.

Inna tana ganinsa ta ce ba za a ajiye mata gunki a gida ba. Sai da maganar ta kai gaban malaminmu na allo, ya ce kayan wasan yara da sauƙi, ya kawo misalin 'yan tsanar Nana A'isha. Aka yi sulhu: zai zauna, amma ba a ɗakin da ake salla ba.

Saura hannu. Yaya yana da aboki Kirista a unguwar Fatima, maƙwabciyarmu, wanda mahaifinsa ke narka tsofaffin gwangwanaye yana zuba tukwanen alminiyam. Tsohon ya karɓi hannun dama ya danna shi cikin damshin yashi, ya zuba narkakken alminiyam a gurbin, ya goge da zarto. Bai karɓi ko sisi ba. Sai da muka dawo gida muka lura da abin da ya faru: an kwafi dama, dama ce ta fito. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ai gara haka. Goldorak ɗinmu mai tarbiyya ne, ba zai taɓa cin abinci da hagu ba."

Na girma, na buɗe shagon kayan waya, na yi aure, amma abin bai sake ni ba. Da shagunan intanet suka zo Bangui, na rubuta kalmar da ke jikinsa, Popy, na nema. A nan na gane cewa akwai duniya guda ta magidanta masu tara irin waɗannan kaya. A da, Popy reshen kamfanin Bandai ne. A 1974 suka fara zuba mutum-mutumin fina-finai da ƙarfen da aka haɗa da tutiya, suka kira su Chogokin, sunan ƙarfen almara da aka ce da shi aka ƙera Mazinger Z, wani gwarzon na Go Nagai. Na kuma koyi dokar wannan duniya: abin da ya fi daraja shi ne wanda ba a taɓa wasa da shi ba. Kwalinsa lafiya, takardarsa na ciki, 'yan makamansa ba a ɓalle su ba. Wato wanda aka saya wa yaro aka hana shi taɓawa, shi ne sarki. Abin ya daɗe yana ɗaure mini kai.

Ta hanyar 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Guangzhou na fara samun Gundam. Shi kuma wani salo ne daban. Fim ɗinsa ya fito a 1979, Bandai ta fara sayar da shi a 1980 a kan yen 300, ba a haɗe ba: gutsattsarin roba ne maƙale a jikin firam, kai za ka yanke su ɗaya bayan ɗaya ka harhaɗa bisa zanen da ke takarda. Ma'aunin da aka fi yi shi ne ɗaya bisa 144, don haka ƙaton da a fim ya kai mita 18 zai tsaya a tafin hannunka. Da abin yanke farce da reza nake aikin, bayan isha, wani lokaci da tocila a baki. Na yi ta fama da jan ƙurar Bangui, da laimar damina mai cin kwali, da rana mai mayar da farar roba ruwan ƙwai. Zuwa 2013 ina da guda 27 a kabad mai gilashi, na gaske da jabun China a cakuɗe. Goldorak yana sama, a tsakiya.

Sauran labarin wannan shekara duniya ta ji shi. Seleka ta shiga Bangui ranar 24 ga Maris, 'yan anti-balaka suka kawo hari ranar 5 ga Disamba, gari ya rabe gida biyu. Kokoro tana bakin iyaka, tsakanin masallatai da coci-coci, don haka mu muka fara ɗanɗanawa. Wata safiya cikin wannan wata Yaya ya ce zai leƙa rumfarsa ya dawo. A masallacin Ali Babolo muka same shi washegari, cikin jerin waɗanda aka lulluɓe.

A watan Fabrairun 2014 muka hau babbar mota cikin ayarin masu gudu zuwa Kamaru. Kowa jaka ɗaya. Na ɗauki takardu da maganin Inna, ko kallon kabad ban yi ba. Sai da muka sauka a Garoua-Boulai, uwargida tana cire wa ɗanmu mai shekara shida riga za ta yi masa wanka, wani abu ya faɗo ƙasa da ƙara. Yaron ya tsaya yana jiran faɗa. Ni kuwa na juya baya don kada ya ga fuskata.

A can, da daddare, yakan ce in ba shi labarin Goldorak. Ina cikin bayarwa na ji abin da ban taɓa ji ba a gidan kallo. Matuƙinsa, Actarus, yarima ne da maƙiya suka ƙone duniyarsu, ya gudo ya ɓuya a wata gonar kiwon dawaki yana aikin ƙarfi, yana ɓoye asalinsa. A kashi na ƙarshe shi da ƙanwarsa suka koma don su sake gina gida. Shekara da shekaru muna ihu a kan faɗan, ashe labarin ɗan gudun hijira muke kallo. Yaron ya ce, "Baba, mu ma za mu koma?" Na ce in sha Allahu.

Mun koma a 2016, bayan Fafaroma Francis ya zo babban masallacin Kilomita Biyar ranar 30 ga Nuwamban 2015, aka kuma yi zaɓe. Gidanmu babu kwano, babu ƙofa, balle kabad. Wata rana na ga wani yaro a bakin kwata yana jan gangar jikin Gundam da zare. Na gane fentin da na yi da hannuna. Na tsaya na kalle shi, yana ta ƙarar injin da bakinsa, na wuce ban ce komai ba.

Na sake tayar da shago da bashi. Sai ga ƙarshen Disamban 2019, faɗa ya ɓarke tsakanin 'yan kasuwa da samari masu bindiga da ke karɓar haraji a hannunmu. An rasa rayuka, shaguna suka ƙone, har da nawa. Ga kuɗin makaranta, ga masu bashi. A lokacin ne na ɗauki hoton Goldorak na tura wa masu tara kayan. Mutumin Lyon ya amsa cikin ladabi. Ya ce na asali ne, amma babu kwali, fenti ya goge, don haka Yuro 180 zai biya, kimanin sefa 118,000. Ya ƙara da cewa in cire wannan baƙon hannu kafin in aiko, yana da na gaske da zai sa masa.

Na kwana uku ina juya maganar. Daga ƙarshe na je ɗakin Inna.

"Inna, ina son in sayar da abin nan na Yaya."

Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ɗago. "Gunkin naku?"

"Shi."

"Yayanka ba ya cikin ƙarfe. Yana inda addu'a ce kawai take isa gare shi. Sayar ka biya wa yara makaranta." Har na miƙe sai ta ce, "Amma wannan hannun da ya sa aka yi, na ji ka ce Baturen ba ya so. Kawo in gani."

Ta juya shi a tafinta, ta yi murmushi, ta ce ita ma ta tuna dariyar ranar.

Wani ɗan kasuwa mai tafiya Paris ya tafi da shi a Janairun 2020, a naɗe cikin safa. Kuɗin ya biya zango biyu na makaranta, ragowar na sayo cajoji da su na sake farawa a kan tebur. Mutumin ya turo mini hoto: Goldorak a bayan gilashi, ƙarƙashin fitila, dama da hagu daidai. Ya yi kyau ƙwarai. Ba zan yi ƙarya ba, na yi kewarsa, kuma wani lokaci nakan buɗe hoton. Sai dai duk sanda na duba, nakan ga kamar na wani ne.

Yanzu ina da guda huɗu, duk Gundam na roba masu araha. Ban sake yin kabad ba. Suna kan taga, ƙananan yaran gida suna ɗauka, ɗaya ma har ya rasa ƙaho. Babban ɗana, wanda ya ɓoye Goldorak a riga, ya fi ni iya haɗa su. Watan jiya wani ɗan gutsure ya ɓace masa a tsakar gida, ya nema ya gaji, ya zo shago yana tambaya ko har yanzu akwai masu zuba tukwane a Fatima. Na ce akwai. Na buɗe aljihun tebur na ba shi hannun, na ce ya tafi da shi ya nuna musu irin aikin da ake so, amma ya dawo mini da shi kafin magariba.