Kifin Ado a Lokacin Hunturu

Sanyi ya kankama a Jos, mu masu kiwon jan kifin ado a ɗan tafkin tsakar gida hankalinmu kan tashi idan ya lafe a ƙasan ruwa ya ƙi ci. Ba ciwo ba ne. Asalinsa ƙasar Sin, a Ingila ma yakan rayu ƙarƙashin ƙanƙara muddin an bar masa kafar iska. Ruwa in ya sauka ƙasa da digiri 10, cikinsa ba ya narkar da abinci sosai. Wanda ya bari yakan ruɓe, ruwa ya gurɓata, kifi ya mutu. Shi ya sa muke ba shi kaɗan da tsakar rana, mu kwashe busassun ganye, mu haƙura har Maris. Allah Ya ba mu sa'a.