Lisansi a Ƙasan Akwati

Ku matso kusa, 'yan uwana, a bar shayi na biyu ya nuna, maganar nan ta cikin gida ce. Kowa a nan ya san daɗin ranar da ɗan Gure ya ci bak: guɗa a tsakar gida, inna na share hawaye da bakin zane, maƙwabta sai sa albarka suke. Tun da aka buɗe jami'a a Damagaram a 2010, wadda yanzu ake kira André Salifou, ba dole sai mun kai Yamai ba, kuma wallahi mun gode Allah. Shekara uku ana fama, a dawo da lisansi cikin leda, inna ta karɓe ta ta adana a ƙasan akwati kamar zinariyar aure, ko taɓawa ba mai yi, hahaha!

To, 'yan uwana, daga nan ne zuciya ke fara nauyi. A yi sabis sibik shekara biyu, a jira konkur, a kai dosiye nan, a kai can. Wasunmu sun shiga koyarwa ta kwantiragi, wasu sun hau kabu-kabu, kuma ba abin kunya ba ne, halal ce. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, wa a cikinmu bai yi mafarkinta ba? Sai dai duk inda ka leƙa, tambayar ɗaya ce: me ka taɓa yi da hannunka? Sai ka ji harshe ya yi nauyi, wayyo.

Abin da ke damuna ke nan, tsakanina da ku. Aiki yana nan a bayan gari. Rairayi na cinye kwaruruwan da ke ba mu dabino da kanwa da kayan lambu, shi ya sa aka taɓa kawo shirin PLECO a Gure da Maine-Sorowa don tsayar da shi. Yaronmu ya haddace darasin kwararowar hamada da Faransanci tsaf, amma kai shi gindin tudu, ce masa ya duba inda iska ke kaɗowa ya kafa shingen kaba, ko ya zauna da dattijon Manga ya fahimtar da shi da Barbarci. Tsohon da bai taɓa shiga lakkol ba zai karɓi kabar yana murmushi, ya ce, "Kawo nan, ɗana." Hmm, mu ma sai mu yi murmushin, amma da ɗan ciwo a ciki.

Yaranmu ba su rasa ƙwaƙwalwa ba, fili aka rage musu. Malamanmu na jami'a, don Allah ku turo mana su sitaj tun suna shekarar farko, su kwana a kwari, su yi aiki a asibitin gari da wurin makiyaya. Masauki da tuwo, wannan ku bar mana, mu 'yan Gure mun ɗauka.