Shaidar Ƙarfe a Kuncin Ɗanmu

Kwana biyu ƙanwata ta yi tana naƙuda a ɗakin Inna kafin a yarda a nemo mota. Haihuwar fari ce, ga kunya, ga ungozoma tana cewa a ƙara haƙuri. An ba ta rubutu, an ba ta jiƙo. Da muka isa asibiti da asuba, ko yunƙuri ba ta iya yi.

Likita ya saurari cikin, ya ce bugun zuciyar ɗan yana raguwa. Bakin mahaifa ya gama buɗewa, kai ya sauko sosai, jiran tiyata zai iya zama asara. Ina bakin ƙofa na ga nas ta kawo ƙarafa biyu kamar manyan cokula, masu lanƙwasa daidai kan jariri. Da su aka riƙe kan ta gefe biyu, ana ja a hankali duk sanda naƙuda ta taso.

Da aka miƙo mini shi cikin zane, akwai jar shaida a kuncinsa na hagu, gaban kunne. Ya tsala kuka, sai bakin ya karkace dama, idon hagu kuwa ya ƙi rufuwa.

"Yaya, me ya same shi?" in ji uwar, muryarta da ƙyar take fita.

Inna ta ce iska ce. Likita ya ce, "Hajiya, ba iska ba ce. Jijiyar da ke motsa fuska ta nan take bi, ƙarfen ne ya danne ta. Yawanci tana farfaɗowa cikin makonni." Bai ɓoye mana ba cewa ƙarfen kan tara jini ƙarƙashin fatar kai, wani lokaci ya tsaga ƙashi, ya kuma yaga uwa.

Ranar suna na yi ta ja masa mayafi kan fuska saboda bakin mutane. Kullum muna ɗiga masa magani kada idon ya bushe, nono na dalala ta gefen baki. Kafin a gama wankan jego, fuskar ta koma daidai.

Har yau dangi ƙarfen suke zagi. Ni kuwa yarinyar gadon kusa da namu nake tunawa: kwana huɗu ta yi tana naƙuda a gida, ɗan bai zo da rai ba, ta tashi da yoyon fitsari. Da ƙanwata ta sake samun ciki, da kaina na riƙa raka ta awo, kuɗin mota kuma tun wata na bakwai suna ƙulle a bakin zanena.