Rabon Mala'iku a Tsibirin Aila

Ni ba mashayi ba ne, don haka a daren da na zauna da wasu masu shan wiski a tsibirin Aila, can yammacin Sikotlan, shayi ne a gabana, kallo kuma shi ne aikina. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ƙanƙantar abin da aka zuba wa kowa. Ɗan ruwa ne launin zuma a gindin wani kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, bai kai cikin ludayi ba. Dattijon da ke kusa da ni ya kusa rabin awa da nasa a hannu. Ya juya, ya kai hanci, ya janye, ya ɗiga ruwa ɗigo biyu ko uku, ya sake shinshinawa. Sai na ga ashe hanci ne mai gida a wannan sha'ani, harshe ɗan rakiya ne.

Ya miƙo mini in shinshina kawai. Hayaƙi ne ya buge ni, da gishirin teku, da wani wari irin na ɗakin ɗaurin rauni a asibiti. Na yamutsa fuska, suka kwashe da dariya. Wiskin Laphroaig ne, wanda ake dafawa a gaɓar tsibirin tun 1815, maƙwabcin masana'antun Lagavulin da Ardbeg. Hayaƙin daga ƙasa yake fitowa: wata baƙar laka ta ruɓaɓɓun ciyayi da suka shekara dubbai a fadama, wadda suke kira fit. Ana yanko ta kamar tubali, a shanya, a ƙona ta a ƙarƙashin sha'ir ɗin da aka tsirar. Duk wanda ya san yadda turaren wuta ke kama tufafi ya ƙi fita zai gane yadda hatsin ke riƙe wannan ƙauri shekara da shekaru.

Wiskin da suke kira singul molt na sha'ir ne zalla, daga masana'anta guda, an tace shi a tukwanen tagulla. Dokarsu ta 2009 ta ce sai ya kwana aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak a cikin Sikotlan, ƙarfinsa kuma kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Gangunan galibi gwanjo ne: Amurkawa ba sa sake zuba wiskinsu na bobon a gangar da ta taɓa aiki, sai 'yan Sikotlan su saye, wasu kuma daga Sifen suke zuwa da ɗanɗanon giyar sheri a jikinsu. Lambar da ke kan kwalba, 10 ko 16, shekarun ƙaramin cikinsu ne idan an haɗa ganguna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wata asara ce da suke faɗa da fara'a. Kowace shekara kusan kashi 2 cikin 100 na abin da ke ganga yana tsirarewa ta jikin katako ya bi iska. Sunan da suka ba shi rabon mala'iku. Na ce a zuciyata, mala'iku dai ba ruwansu da wannan kaya, amma ban furta ba, baƙo ne ni.

Washegari na bi ta gefen rumbunan ajiyar gangunan. Ƙofofi a rufe, ba kowa, iska sai ƙamshi take yi mai zaƙi-zaƙi kamar na dabino da ya daɗe a buhu.