ZUWA HUƊU DAMAGARAM, DA ABIN DA NAKE JIYE WA MAIGATARI

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Tun da Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, ita da Mali da Burkina Faso, duk majalisar da ka zauna a Gumel sai an taɓo zancen boda. Wasu na cewa ina ruwanmu, rigimar Abuja da Yamai ce. Ni kam ina da ja. Sau huɗu ina zuwa Damagaram, wato Zinder, domin goggona a unguwar Zango take aure, kuma abin da na gani a can ya sa nake ɗaukar maganar boda tamkar maganar tukunyar gidanmu.

Ga wanda bai sani ba, Damagaram ita ce Legas ɗin kakanninmu. Babu teku, amma nan ne bakin gaɓar Sahara. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ya biyo ta Agadas, nan yake sauke kaya kafin ya wuce Kano ko Kukawa. Gishirin Bilma, dabino, takarda da kayan ƙasar Larabawa su gangaro kudu; fata, gashin jimina, turkuɗin Kano, da bayi ma a wancan zamani, su haura arewa. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan tarihi. Tumbi, inda sarautar Gumel ta zauna kafin ta dawo nan a 1845, yau a cikin Nijar take. Mun yi yaƙi da Damagaram, mun yi ciniki, mun yi auratayya.

Zuwana na farko a 2008 ne, biki. Daga Maigatari muka tsallaka, muka bi ta Dungas, hanya rabi rairayi, mota na nishi. Abin da ya fara ɗaukar idona manyan duwatsun nan ne da suka tsugunna a tsakiyar gari kamar giwaye, gidaje sun raɓe a jikinsu. Bayan an watse daga ɗaurin aure wani ɗan goggona ya zaga da ni Birni: fadar Sultan, tsohon masallaci, da lunguna masu gidajen ƙasa da zankwaye da zane a fuskar soro. Ya nuna min ragowar ganuwar da Sarki Tanimu ya gina, sarkin da har igwa aka ƙera masa a garin. Ya nuna min barikin da Faransawa suka kafa bisa dutse bayan sun ci garin a 1899, shekara guda da kashe musu Kyaftin Kazamaju a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Hausarsu ta ba ni dariya, tawa ma ta ba su. Makaranta lakwal ce, malami mushe ne, asibiti likita ce. Na tambayi kuɗin kilishi aka ce jaka ɗaya, na miƙa naira 200, ashe a can jaka sefa 1,000 ce.

Na biyu a 2013 ne, kuma shi ne zuwan da na fi ganin garin da walwala. An buɗe matatar mai ta SORAZ a ƙarshen 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, tankoki sai kai da komowa suke. Kasuwa cike da kayan Kano: atamfa, robobi, taliya, takalma. Sefa 1,000 lokacin naira 300 ce da 'yan kai, don haka ɗan Najeriya yana shiga kasuwa da ƙarfin gwiwa. A wannan zuwan ne na zauna da wani dattijo badukun Zango, yana ɗinkin jaka muna hira. Na yaba masa kyawun gidajen unguwar, sai ya ce, "Ɗana, waɗanda suka gina su raƙuma ne suka ba su kuɗin. Da raƙuman suka daina zuwa, jikokinsu ko yaɓe sai da ƙyar." Na ce, "Baba, me ya hana su zuwa?" Ya ce hanya ce ta sauya.

Da na bi tarihi, maganar Baba haka take. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano daga kudu, a shekarar kuma Italiya ta afka wa Tarabulus. Kayan da ke shafe watanni a bayan raƙumi suka koma shigowa ta teku cikin sauƙi. Sannan a 1926 Faransawa suka ɗauke hedikwatar mulki daga Zinder suka kai Yamai. Ba a harba wa garin igwa ba, ba a rushe fada ba, hanya kawai aka karkatar, sai birnin da ake sauke dukiyar Sahara ya koma jiran abin da Kano za ta turo. Garin da ke ci da hanya, ranar da aka toshe hanyar yunwa ta shigo.

Zuwa na uku a 2021 ne, bayan rufe bodar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Maigatari na cikin iyakoki huɗun farko da aka buɗe, tare da Illela, Seme da Mfum. Amma buɗe ƙofa daban, dawowar ciniki daban. Shagunan da na sani a Sabon Gari wasu an garƙame, masu su sun tafi neman kuɗi Agadas ko Libiya. Direban da ya kai mu ya ce motarsa ta yi wata da watanni a kafe, har ya sayar da tumakin matarsa. Shingaye a hanya kuwa sun ƙaru, kowa da abin da yake nema, tafiyar rabin yini ta cinye mana yini cur.

Na huɗu a ƙarshen 2024 ne, ta'aziyyar mijin goggo. Tsakanin nan an yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe boda ta yanke wutar lantarki, har zuwa Maris ɗin 2024. Goggo ta ba ni labarin yadda maganin hawan jinin marigayin, wanda daga Kano ake kawowa, ya yi wuyar samu a watannin nan. Ban ce shi ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare, amma ya sha wahalar da bai ji ba bai gani ba. Ga sefa 1,000 ta haura naira 2,000, mu da ke zuwa da fankama muka koma lissafin kuɗin shayi. Abin da ya fi sosa min rai wani yaro ne a wajen zaman makoki, da ya ji daga Najeriya nake sai ya ce, "Ku ne kuka so ku kawo mana yaƙi." Yaron nan kakarsa 'yar Gumel ce fa.

To yanzu mu dawo gida. Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, wadda ake lodin shanu da raƙuma da tumaki zuwa kudancin ƙasar nan, kaso mai yawa na dabbobinta daga Nijar suke shigowa. Dillali, ɗan kamasho, mai lodi, mai tuwo, ɗan acaɓa, mai sayar da igiya, duk a jikin wannan hanya suke ci. Manomin Sule Tankarkar da na Gagarawa da ke kai gero da wake da zoɓo, shi ma mai saye daga tsallake yana cikin masu ɗaga masa farashi. Yankin ciniki maras haraji da aka kafa a Maigatari tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, idan babu shige da fice, sunansa fili da katanga. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Alheri ne, amma ba ta wajenmu ya bi ba. Idan kaya suka saba da waccan hanya alhali tamu tana buɗewa tana rufewa, abin da ya sami Zango zai iya samun Maigatari. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ban ce a bar boda sakaka ba. Makamai da miyagun ƙwayoyi na ratsawa, dole a tsare. Amma a tsare ta da bincike na gaskiya, kada a mayar da ita bulalar da ake ɗauka duk ranar da shugabanni suka saɓa. ECOWAS ta ce za a ci gaba da barin mutane da kaya suna wucewa har sai an sake sanarwa, kuma wannan "har sai" ɗin ce ke hana ɗan kasuwa barci. Roƙona ga 'yan majalisarmu na tarayya da na jiha, da masarautar Gumel da ta Damagaram, su matsa a rubuta yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu wadda za ta kare kasuwannin iyaka ko da gwamnatoci ba sa ga maciji. A kuma gyara hanya, a rage shingaye.

'Yan Maigatari da ke nan, ku faɗa mana yadda kasuwar Alhamis take yanzu in aka kwatanta da kafin 2019. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu.