Daga Gwarzo Zuwa Jidda: Nisa Da Lokaci

Maniyyacin da ya tashi daga Gwarzo zai ratsa ƙasar Kabo da Rimin Gado, ya shiga birni ta Kabuga, tafiyar kilomita 70 ko kusa da haka, kafin ya isa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Daga nan zuwa Jidda kuwa kimanin kilomita 3,400 ne, amma jirgi yakan cinye su cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. A shekarar 2023, da yaƙi ya rufe sararin Sudan, sai da jiragen alhazanmu suka yi zagaye, tafiyar ta ƙaru.

Kakanninmu da ƙafa da jakai suka san wannan nisa. Sukan bi ta Maiduguri, su ratsa Wadai da Darfur, su wuce Fashir da Hartum, har Sawakin a bakin Bahar Maliya, sannan su hau jirgin ruwa. Waɗansu sukan shekara biyar ko fiye, suna ƙwadagon auduga a Jazira don neman guzuri, waɗansu ma can ƙasa ta rufe idonsu. Jiragen Turawan Ingila guda uku da suka fara sauka Kano a 1925 kusan wannan hanya suka biyo daga Masar.

To, ga abin lura. Mai tafiyar ƙasa yana tare da malamai a ayari, yana koyon hukunce-hukuncen tafiya da na aikin Hajji zango bayan zango. Mu kuwa jirgi ya ɗauke mana wahala, ya kuma ɗauke mana wannan makaranta.

Mu ɗauki salla kaɗai. Agogon Makka yana gaban namu da awa biyu, domin gabas muka nufa. Watau idan jirgi ya tashi Kano da ƙarfe 12 na rana, sa'ad da zai sauka agogon hannunmu yana nuna huɗu da rabi, na Jidda kuwa shida da rabi, rana ta faɗi ko tana gab da faɗuwa. Ashe Azahar da La'asar duk a sararin sama suka riske mu. Yaya za mu yi da alwala? Ina alƙibla? Kasaru fa? Idan kuma Makka za mu zarce, a ina za mu ɗaura harami? Ba a cikin jirgi ake neman amsar waɗannan ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa 'yan kasuwa da ma'aikata: wanda ya shekara yana tara kuɗin kujera, kada ya yi ƙyashin 'yan makonni a gaban malamin garinsu, kada kuma ya raina bitar da hukumar alhazai take shiryawa. Da ilminsa ya kamata ya bar Gwarzo ko Kabo, tun kafin ya hau mota.

Allah Ya ba mu Hajji karɓaɓɓe, amin.