Kwaɗo Ɗaya, Ƙwaƙwalwa Takwas

Mu uku ne muke kula da wata kwamfuta da saƙonnin jama'a ke ratsawa dare da rana. Ƙwaƙwalwa takwas gare ta, amma da cunkoso ya taso sai mu ga ɗaya tana gumi, bakwai suna zaman jira. Da muka bi diddigi, laifin namu ne: wani ɗan ɓangare da muka rubuta muka liƙa a zuciyar Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar.

Duk ƙunshin bayanan da ya shigo daga intanet, sai ɓangaren nan ya duba jadawalin masu magana da juna, sannan ya saka shi a layin fita. Idan ƙwaƙwalwa biyu suka taɓa jadawalin lokaci guda, rubutu ya dagule, saƙon wani ya ɓata. Don haka muka sa kwaɗo ɗaya a kan komai: mai shiga ya kulle, saura su tsaya. Babu ɓarna, amma babu sauri.

Ba mu muka fara ba. Linux ta zo da irin wannan babban kwaɗo a 1996, kuma sai a 2011 aka gama cire shi. FreeBSD ma tana da nata, mai suna Giant. A 2004 ne ɓangaren sadarwarta ya fara aiki ba tare da shi ba. Abin da ya ci ƙwararru shekaru, mu muka ce mako guda ya ishe mu.

Muka raba kwaɗon biyu, ɗaya na jadawali, ɗaya na layi. Nan take ƙwaƙwalen suka kama aiki, mu kuma muka kama yabon kanmu. A dare na tara na'urar ta sandare. Wayoyinmu suka dinga ruri, wani yana jiran kuɗin magani, wata tana jiran takardar jarrabawa.

Sai gab da asuba muka gane. Wata ƙwaƙwalwa ta riƙe kwaɗon jadawali tana jiran na layi, wata ta riƙe na layi tana jiran na jadawali. Kiki-kaka ke nan, babu mai saki. Wurare biyun da suka yi karo, biyu daga cikinmu ne suka rubuta su, kowa daidai yake a nasa ɓangaren. Ba mu taɓa zama mun yarda da wanne za a fara kullewa ba. Linux tana da abin kama irin wannan saɓani, lockdep, amma gaggawa ta hana mu kunna shi a gwaji.

Gyaran layi huɗu ne kacal. Muka rubuta doka a saman fayil ɗin: jadawali tukuna, sannan layi. Tun daga ranar, babu wanda yake ƙara kwaɗo a cikinmu sai sauran biyun sun karanta.